Yadda Injiniya Ya Gyara Amalanken Ƙwai

A layinmu akwai wani mutum da ake kira Injiniya. Ba wanda ya laƙaba masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanata shi har muka gaji muka karɓa. Duk abin da ya haɗa shi da aikin ƙarfe shi ne ya taɓa gadin wani garejin gyaran motoci na sati uku, kafin a sallame shi saboda yawan ba makanikai shawara. Tun daga nan ba ka isa ka ɗaure noti ɗaya a gabansa ba sai ya matso ya ce, "Mu a gareji ba haka muke yi ba."

Ni mai aski ne. Shagona yana kallon ƙofar gidansu, don haka abin da zan ba ku labari da idona na gani, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yau ina jin haushin mutumin.

Matarsa ce mai ƙoƙari. Kaji take kiwo a wani fili bayan gida, muna ce mata Maiƙwai. Shekara biyu tana bin mai gidan burodin da ke ƙasan gangaren layinmu ya riƙa sayen ƙwai a wurinta, shi kuma yana ja mata rai. A ƙarshe ya ce to, ta kawo kiret ashirin ranar Talata kafin ƙarfe goma, lokacin da ake kwaɓa kek. In ta cika alkawari, daga ranar ita ce mai kawo masa ƙwai. In ta saɓa, akwai mutum uku da ke jiran wurin. Kwana huɗu ta yi tana tarawa, ko guda ɗaya ba ta bari an soya a gidan ba.

Ranar Talata da wajen ƙarfe takwas ta turo amalankenta waje, sai ta ga tayar hagu tana rangaji. Ta duƙa ta leƙa. A ƙarshen aksul, wato sandar ƙarfen da tayar ke juyawa a kai, akwai wani ɗan rami, a cikinsa ake zura fin ɗin da ke hana taya fita. Tsatsa ta cinye fin ɗin, ya karye, saura guntu a maƙale. Aikin minti biyar ne a wurin Baba mai faci, tsohon da ke gyaran tayoyi da kekuna a tsakiyar layin. Ta kama hannun amalanken za ta tura can, sai ga Injiniya ya fito yana sakace haƙori.

"Ina zuwa kuma?"

"Wurin Baba. Fin ya karye."

"Wurin Baba? Ina cikin gidan nan, da raina da lafiyata, ki kai aikin ƙarfe waje? So kike a ce matar Injiniya tana yawon neman gyara a titi?"

"Maigida, don girman Allah, yau dai ka bar ni. Ranar da ka gyara mana fanka sati muka yi muna fifita da kwali."

"Wannan matsalar wuta ce. Yau kuwa fannina aka shigo. Je ki shirya ƙwanki, kafin ki fito na gama, har na yi masa sabis."

Ta tsaya tana kallonsa, ta kalli agogon hannunta, ta kalli shagon Baba. Akwai sauran ƙwai da ba ta goge ba, ga kaji ba a ba su ruwa ba. Ta ce, "Minti goma," ta shige gida. Da na san abin da zai biyo baya, da ni da kaina na tura amalanken nan wurin Baba.

Ya shiga ya fito da akwatin kayan aikinsa, wani jan akwati da ya fi aikin da ke gabansa girma sau goma. Ya shimfiɗa buhu, ya jera sifana bakwai, guduma biyu, filaya, magagari, gwangwanin giris, har da wani abu da shi kansa bai san sunansa ba. Sannan ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Mai aski! Ka ajiye almakashin nan ka zo ka ga aiki!"

Na ce, "Ina gani daga nan."

A lokacin ina kan yi wa wani direban tasi aski, na gama gefe ɗaya ke nan. Injiniya ya ɗora ƙusa a kan guntun fin ɗin, ya ɗaga babbar guduma har bayan ƙeya. Bugun farko ya sami babban yatsansa. Ya cusa yatsan a baki, ya zagaya amalanken sau biyu, sannan ya ce ai gwaji ne, yana auna nauyin gudumar. Bugu na biyu ya sami ƙusar. Guntun fin ya fita kamar harsashi, ya tsallaka titi, ya wuce ta gefen kunnen direba, ya daki madubina. Madubin da na shekara shida da shi ya tsage daga sama har ƙasa.

Na fito da kilifa a hannu. "Injiniya! Ka ga abin da ka yi?"

"Madubin naka dama ba na asali ba ne. Na asali ba ya tsagewa. Bari in gama nan in zo in duba maka shi."

"In ka taka shagona sai na aske maka gira."

Kafin in rufe baki, tayar da yanzu ba abin da ke riƙe da ita ta zame, amalanke ya kife a kan ƙafarsa. Ya yi wani ihu da ya sa kajin bayan gida suka amsa. Direba ne ya fito da tawul a wuya ya ɗaga masa amalanken. Maimakon ya gode, sai ya ce da gangan ya tare da ƙafa, don kada aksul ya taɓa ƙasa.

Yanzu saura sabon fin. Ya tona akwatinsa kaf, babu. Ya gwada ƙusa, ta yi kauri. Ya goge ta da magagari har gumi ya jiƙa masa riga, sai ta yi siriri, ta faɗa ta wuce ta ɗaya gefen ta shige kwata. Ya gwada waya, ta tsinke. Ya zaro tsinken sakacen da ke bakinsa ya kalle shi, ya kalli ramin, muka haɗa baki ni da direba muka ce, "A'a!"

Dole ya ɗingisa zuwa wurin Baba mai faci. Mu ma muka bi shi, don irin wannan ba a bari ya wuce mutum.

"Baba, ba aiki na kawo ba, kada ka ɗauka aiki na kawo. Fin kawai nake so, irin na ƙwararru."

Baba bai ɗago kai ba. Ya sa hannu a gwangwani ya miƙo masa fin. Duk wanda ya taɓa ganin irinsa ya san shi: ɗan ƙarfe ne mai zagayayyen kai da ƙafa biyu a manne. In ka zura shi a rami sai ka tale ƙafafun da filaya, ɗaya nan ɗaya can, shi ke nan ba zai fita ba. Injiniya ya ɗaga shi ya kalla ta hasken rana, ya yi tsaki.

"Baba, ni za ka ba tsagaggen kaya? Duba, ya rabe gida biyu tun daga wuya."

"Haka ake ƙera shi."

"Haka ake ƙera na talakawa dai. Ba ni wani."

Baba ya juye masa gwangwanin gaba ɗaya a kan benci. Injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan guda arba'in, kowanne da ƙafa biyu. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce an cuci tsoho, an sayar masa da kayan da kamfani ya zubar.

Baba ya ce, "Ɗana, ɗauki ɗaya ka tafi. In ka zura, ka tale ƙafafun. Abin da zan gaya maka ke nan."

"In tale? Abu ya riga ya tsage, in ƙara yage shi? Mu a gareji, abin da ya lanƙwashe cire shi muke yi mu yar."

"A garejin, ba ƙofa kake buɗewa ba?"

"Duk motar da aka gyara a wurin ta gabana ta wuce, Baba. Sau biyu ma, shiga da fita."

Muka dawo. Ya mayar da taya, ya manta washa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke shiga tsakanin taya da fin, ya cire, ya sa washa, ya mayar. Sannan ya ɗauki filaya ya matse ƙafafun fin ɗin sosai har tsagar ta kusa ɓacewa, ya dangwalo giris ya shafe shi tas, ya zura. Ramin a kwance yake, fin ya shige sumul ba gardama. Ya zaro shi da yatsa biyu, ya mayar, ya sake zarowa, yana nuna mana.

"Kun gani? Aikin ƙwarai ke nan. Shiga ba wahala, fita ba wahala."

Direba ya ce, "To ai fitar ce ba a so."

"Kai tuƙi ka sani. Ka taɓa ganin na zo ina koya maka taka birki?"

Da a nan ya tsaya, da taya ɗaya kawai za a yi kuka da ita. Amma sai ya zagaya ɗaya gefen don ya yi sabis ɗin da ya yi alkawari. Ya duƙa a tayar dama, ya ga fin ɗinta lafiya lau, ƙafafu a tale kamar yadda Baba ya sa shi tun bara. Ya dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Ku zo ku ga ɓarna! A haka matata take yawo? Allah ne kawai ya tsare!"

Na ce, "Injiniya, wannan lafiyarsa ƙalau. Ka bar shi."

"Kai da madubinka ma ba ka iya zaɓa ba."

Ya sa filaya ya miƙe ƙafafun, ya zaro fin, ya ɗora a kan dutse ya daddake shi har ya miƙe sak, ya shafa masa giris, ya mayar. Ya tashi yana goge hannu a wando, fuskar nan cike da annuri, kai ka ce wani ya ceto daga rijiya.

Ƙarfe tara da rabi Maiƙwai ta fara fito da kiret. Na buɗe baki zan yi magana, ya harare ni, ya riga ni.

"An gama, uwargida. Har ɗaya tayar na ceto miki."

"Me ya sami ɗaya tayar?"

"Bayanin zai yi miki nauyi. Loda kawai."

Ta girgiza tayar hagu, ba ta yi rangaji ba, don a tsaye amalanken yake. Lokaci ya ƙure mata, ba ta duƙa ta leƙa ba. Na ce, "Maiƙwai, da dai kin biya ta wurin Baba ya duba." Ta ce za ta biya, ai a kan hanya yake. Aka jera kiret ashirin, aka ɗaure da igiya. Ta zo za ta kama hannun amalanke, Injiniya ya ture ta a hankali.

"Wanda ya yi gyara shi ke gwaji. Doka ce."

Ya tura, muka bi. Ni na rufe shago, direba ya biyo mu da rabin kai a aske, mai shagon kayan masarufi ya bar ciniki, matan da ke shanya a saman bene suka leƙo. Injiniya yana tafe yana jawabi, wai ku ji yadda tayar take tafiya shiru, wai daga yau duk mai amalanke a layin nan ya kawo, ranar Asabar zai buɗe wurin gyara.

Da muka zo daidai shagon Baba, Maiƙwai ta ce, "Tsaya a duba." Baba ya riga ya hango fin ɗin hagu ya leƙo waje da kusan rabi, yana ƙyalli. Ya taso da filaya a hannu, yana ɗaga ta sama.

"Tsaya! Minti ɗaya! Bari in tale shi!"

Injiniya ya ga tsoho ya nufo aikinsa da filaya a gaban jama'a. Maimakon ya tsaya sai ya ƙara sauri.

"Ba za ka ɓata mini aiki ba, Baba! Hassada ce!"

"Maigida, ka tsaya!"

"In na tsaya mun makara!"

Daga shagon Baba gangare yake farawa, kuma titin duk ramuka ne. A ramin farko fin ɗin hagu ya yi tsalle ya faɗi, muka ji ƙararsa a kan kwalta, ƙil. Washa ta bi shi. Tayar ta ɗan yi tafiya tare da amalanken don kara, sannan ta ware ta kama gabanta. Injiniya ya ga taya tana wuce shi, har ya ce, "Ta wane ce wannan?" kafin gefen hagu ya nutse.

A nan kam zan ba shi haƙƙinsa, yana da ƙarfi. Ya ɗaga gefen hagu da dukan ƙarfinsa, ya ci gaba da gudu a kan taya ɗaya, kiret ashirin suna rawa, yana ihu, "Ku ba da hanya! Gwaji ne! Duk cikin gwaji ne!" Maiƙwai tana bayansa tana salati, Baba yana bayanta da filaya, ni da direba muna bayan Baba, sauran layin suna bayanmu. Wani kare ma ya shigo sahu ba tare da ya san dalili ba.

Saura taku kamar ashirin a kai gidan burodi, fin ɗin dama, wanda ya shekara yana aikinsa ba wanda ya ji kansa, shi ma ya fita. Tayar dama ta yi gaba. Na ɗan lokaci Injiniya yana riƙe da amalanken da ba taya ko ɗaya, yana gudu da shi a sama. Sai aksul ya caki ƙasa, igiya ta tsinke, kiret suka tashi. Shi kuma ya bi ta kan hannun amalanken ya sauka a zaune a tsakiyarsu.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ba ta da ƙarfi, amma ta daɗe ana jin ta. Gwaiduwa ta kama gangare tana malala, kare ya samu abin da ya biyo.

Tayar hagu kuwa ba ta tsaya ba. Ta haye dakali, ta shige ƙofar gidan burodi, muka ji faranti sun zube a ciki. Sai ga mai gidan burodi ya fito, ƙato, fulawa har gira, riƙe da taya a hannu. Ya kalli agogon bango ta ƙofa, ya kalli titi.

"Goma saura biyar. Taya dai ta iso a kan lokaci. Ina ƙwan?"

Injiniya ya yunƙura zai tashi, santsi ya mayar da shi. Ya lalubi ƙasa, hannunsa ya faɗa kan fin ɗin dama. Ya ɗaga shi sama, ƙwai yana ɗiga daga gwiwar hannunsa, ya juyo wurin jama'a.

"Ku shaida! Ku duba da kyau! Duk wannan hatsarin, ko lanƙwasa bai yi ba!"

Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Direba ya zauna a bakin kwata yana riƙe ciki, mai gidan burodi ya jingina da ƙofa yana share hawaye da bayan hannu. Ni ma na yi, ba zan yi ƙarya ba. Amma da na juya na ga Maiƙwai sai na daina dariyar. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta durƙusa a cikin ɓarnar nan tana tsintar waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya, tana gogewa da gefen zanenta. Tausayinta ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don na ga lokacin da aka miƙe fin ɗin nan, kallo ya fi mini daɗi a kan in hana. Na duƙa na taya ta, Baba ya duƙa, matan bene suka sauko. Muka haɗa kiret shida da 'yan kai.

Ta ɗauka ta ajiye a gaban mai gidan burodi. Ya daina dariya.

"Ashirin muka yi da ke."

"Ashirin na fito da su, kowa ya gani. Ka karɓi waɗannan ka fara kwaɓi. Daga gobe kiret biyar kullum, ƙarfe bakwai, a ƙofarka."

"Har mutum uku na hana saboda ke. Kuma da me za ki kawo? Baba, amalanken nan zai tashi?"

Baba ya taka aksul ɗin da ƙafa, ya ga ya lanƙwashe kamar lauje, katakon ma ya rabe. Ya ce, "Ba wannan watan ba."

Mai gidan burodi ya buɗe hannu. "Kin ji. Ba ki da amalanke."

Maiƙwai ta juya a hankali ta kalli mijinta, wanda har yanzu yake zaune a ƙasa yana bayyana wa kare cewa laifin titi ne. Ta daɗe tana kallonsa, tun daga wuya har kafaɗa, irin kallon da ake yi wa abin da za a saya.

Ta ce, "Ina da wani."

Mai gidan burodi ya bi idonta, ya gane, ya ce, "To. Amma in guda ɗaya ya fashe, magana ta ƙare."

Washegari bakwai saura kwata ina share ƙofar shago, sai ga su sun fito. Injiniya a gaba, gammo a ka, kiret biyar a kan gammo, wuya a sandare, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan igiya. Maiƙwai tana bayansa taku ɗaya. Ashe sun gwada a tsakar gida, an gano cewa da ya buɗe baki muƙamuƙinsa ke motsa kiret ɗin ƙasa, na sama su fara rawa. Don haka daga ƙofar gida har gidan burodi, ba magana.

Layin ya fito kallo. Direba ya tsayar da tasinsa a gefe, ya buɗe bonet da gangan, ya kama wani noti da sifana yana juya shi baibai, a daidai inda Injiniya zai wuce. Na ga idon mutumin ya kaɗa, leɓensa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Kiret na sama ya ɗan karkata.

Na ce, "Injiniya, barka da asuba. Wai haka kuke yi a gareji?"

Daga bayansa Maiƙwai ta ce, "Kada ka amsa."

Bai amsa ba.